Hankalin da Ke Bakin Sanda

Yawancinmu idan muka hangi makaho yana tafe shi kaɗai a gefen titi, sanda na gaba yana biye, tausayi ne ke fara zuwa mana. Mu ce Allah sarki, mu wuce. Ba kasafai muke tsayawa mu kalli abin da hannunsa ke yi ba. Da za mu kalla, da mun ga gwaninta ce ake yi a gabanmu, mai ƙa'ida da horo, wadda ke cin watanni kafin a kama ta, ta ci shekaru kafin a goge. Mutum ne ke ratsa garin da aka gina ba tare da an tuna da shi ba, garin lambatu a buɗe da babura ta kowace kusurwa, kuma ya isa inda ya nufa. Kusan shekara 400 ke nan masana falsafa suna komawa kan wannan sanda, don tana ta da tambaya mai wuyar amsa: shin tunanin mutum a cikin ƙoƙon kansa kaɗai yake gudana, ko hannu da ƙafa da motsi su ma suna cikin aikin?

Mu fara da yadda ake riƙe ta. Farar sandar da ake koyarwa a makarantun makafi doguwa ce marar nauyi, tana kai ƙashin ƙirjin mai ita, wasu ma sun fi son wadda ta kai haɓa. Ba a dogara a kanta, don ba ta tsoho ba ce. Ana riƙe ta ne a tsakiyar jiki, daidai cibiya, ɗan ali a miƙe a jikin mariƙinta yana nuna ƙasa. Damtse da gwiwar hannu ba sa aiki. Tsintsiyar hannu ce kaɗai ke kaɗa sandar dama da hagu, bakinta na shata baka wanda ya ɗan fi faɗin kafaɗu. Idan bakan ya yi ƙunci, kafaɗa za ta bugi abin da sanda ba ta taɓa ba. Idan ya yi faɗi da yawa, mai tafiya zai riƙa tsayawa saboda abubuwan da ba sa kan hanyarsa, ya gaji a banza.

Sirrin yana cikin haɗuwar sanda da taku. Lokacin da ƙafar dama ta yi gaba, sanda tana taɓa ƙasa a hagu. Lokacin da ta hagu ta yi gaba, sanda tana dama. Wato kullum bakin sanda yana bincika wurin da ƙafar da ke baya za ta sauka a taku na gaba. Ƙafa ba ta taka inda sanda ba ta riga ta gwada ba. A faɗe abu ne mai sauƙi, amma rufe idonka ka gwada: cikin taku kaɗan hannu da ƙafa za su koma tafiya gefe guda, ko ka fara karkata ba ka sani ba. Gwani yana yin wannan yana hira, yana lissafin kuɗin cefane, ba ya ko tuna cewa yana yi.

Makafi sun riƙe sanda tun zamanin da ba wanda zai iya ƙididdigewa, kuma na garuruwanmu da sandarsu ta gora sun gano dabaru da yawa da kansu. Amma tsarin da ake koyarwa yau a duniya ya samo asali ne a 1944, a asibitin soja na Valley Forge da ke Amurka, inda ake kawo sojojin da suka rasa ido a Yaƙin Duniya na Biyu. Wani saje mai suna Richard Hoover, wanda kafin yaƙi malami ne a makarantar makafi, ya ga cewa gajeriyar sandar katako mai nauyi da ake ba su ba ta sanar da su rami sai sun riga sun isa bakinsa. Ya ɗaure idonsa ya yi ta gwaji, har ya tsaya a kan doguwar sanda marar nauyi da wannan kaɗawa mai saɓa wa taku. Daga baya shi kansa ya zama likitan ido.

Abin da sandar ke faɗa wa hannu ya wuce "akwai abu" da "babu abu". Kwalta tana da nata amo da nata ƙaiƙayi. Siminti ya fi ta santsi da ƙara. Rairayi yana shanye bugun, tsakuwa tana warwatsa shi, laka tana riƙe bakin sanda na ɗan lokaci kafin ta sake shi. Murfin kwalbati yana amsawa da muryar abin da ke da rami a ƙarƙashi. Idan gwani yana neman kwanar da zai shiga, sai ya riƙa jan bakin sanda a iyakar kwalta da ƙasa, ko a gindin katanga, har iyakar ta yanke, ya san ya iso lungu. A matakalar bene kuwa yakan miƙar da sandar tsaye a gabansa, bakinta na bugun fuskar matakin da ke gaba. Da ta daina samun abin bugu, ya san hawa ya ƙare. Abin da ya fi tsoro shi ne bugun da bai samu komai ba, lokacin da sanda ta sauka ƙasa da inda hannu ke tsammani. Nan take jiki ke tsayawa cak, kafin kalmar "rami" ta zo a zuciya.

Tana da iyaka, kuma masu ita sun san iyakar sarai. Duk abin da ke sama da ƙugu ba ruwanta da shi: madubin babbar mota, tagar da aka buɗe waje, kwanon rumfar mai shayi, reshen darbejiya. A nan kunne ke karɓar aiki.

Makafi da yawa sukan ce suna jin bango a fuskarsu kafin su isa gare shi, wani nauyi-nauyi a goshi da kumatu. Diderot na Faransa ya rubuta labarin wannan tun 1749, kuma an daɗe ana zaton fatar fuska ce ke jin iska ta canja. A 1944, a Jami'ar Cornell, Karl Dallenbach da ɗalibansa biyu, ɗayansu makaho, suka gwada abin. Suka sa mutane su tunkari wani allo a cikin zaure su tsaya kafin su buge shi. Da aka lulluɓe musu fuska, sun ci gaba da ganewa. Da aka sa su tafiya da safa a kan darduma, ganewar ta ragu. Da aka toshe musu kunne, sai suka riƙa karo da allon. Ashe amsa-kuwwar takunsu ce ke dawowa daga allon, kunne ya ji, amma mutumin ya same ta a matsayin taɓi a fuska. Wannan ya burge ni ƙwarai, don ya nuna jiki yana iya sanin abu, ya yi aiki da shi daidai, alhali mai jikin bai san ta wace ƙofa sanin ya shigo ba. Saboda haka kowane bugun sanda aiki biyu yake yi: yana taɓa ƙasa, yana kuma jefa sauti ya saurari abin da zai dawo.

René Descartes ya shigar da wannan sanda cikin falsafarsa, a littafinsa kan haske da gani na 1637. Ya lura cewa makaho yana bambance itace da dutse da yashi da ruwa da ciyawa da laka ta hanyar sanda, har ya kusa a ce da hannu yake gani. Amma a fahimtarsa, sanda da hannu da jijiya 'yan aike ne kawai. Suna kai saƙo, hankali kuma yana can ciki a zaune, yana karanta saƙon yana yanke hukunci. Wannan hoto ya mallaki tunanin masana na tsawon ƙarnuka, kuma da kwamfuta ta zo ya ƙara samun gindin zama: ƙwaƙwalwa ita ce injin lissafi, jiki kuwa abin hawa ne da ke ɗauke da ita.

Maurice Merleau-Ponty, shi ma Bafaranshe, ya ƙi wannan a littafinsa na 1945 kan yadda ɗan Adam ke riskar duniya. Ya ce a tambayi gwanin kansa me yake ji. Ba ya jin matsi a tafin hannu sannan ya lissafa cewa tun da matsin ya zo ta nan, to akwai dutse a can. Wannan aikin sabon shiga ne. Gwani dutsen yake ji, a can, a bakin sanda. Sandar ta daina zama abin da ake ji, ta koma abin da ake ji da shi. Duk macen da ta iya tuƙin tuwo ta san wannan: gudajin da ke ƙasan tukunya a bakin muciya take jinsa, kuma tana sanin tuwo ya fara kamawa tun kafin ƙauri ya tashi, ba tare da ta tuna da itacen da ke hannunta ba. A 1972 Gregory Bateson ya ƙara tsananta tambayar. Ya ce in makaho na tafiya, a ina shi kansa ya ƙare? A mariƙin sanda, ko a tsakiyarta, ko a bakinta? Amsarsa ita ce in dai tafiyar kake son fahimta, dole ka ɗauki titi da sanda da mutumin a matsayin da'ira guda wadda labari ke zagayawa a cikinta. In ka yanka da'irar a wuyan hannu, ka rasa abin da kake nema.

Wannan mazhaba ta samu suna da mabiya bayan 1991, lokacin da Francisco Varela da Evan Thompson da Eleanor Rosch suka fitar da littafinsu kan hankali mai jiki. Da'awarsu ita ce irin jikin da halitta ke da shi, da irin motsin da yake iya yi, su ne ke sassaƙa irin duniyar da hankalinta zai sani.

Da maganar ta tsaya a bakin masana falsafa, da sai a ce zance ne mai daɗi kawai. Amma ɗakin gwaji ya shigo ciki. A 1996 Atsushi Iriki da abokan aikinsa a Japan suka koya wa birai jawo abinci da ƙaramar manjagara. A ƙwaƙwalwar biri akwai ƙwayoyin da ke kula da hannu da ɗan filin da ke kewaye da shi. In abu ya matso kusa da hannu sai su motsa. Bayan birin ya yi 'yan mintuna yana aiki da manjagarar, waɗannan ƙwayoyi suka fara motsawa don abin da ke kusa da bakin manjagara, tamkar hannun ne ya yi tsawo. Da ya daina aiki da ita, ko da tana hannunsa, sai filin ya koma yadda yake. Riƙewa kaɗai ba ta wadatar, sai an yi aiki da abin.

A 2007 Andrea Serino da abokansa a Italiya suka duba makafi masu amfani da sanda kullum. Suka tarar da zarar sun riƙe ta, ƙwaƙwalwarsu tana ɗaukar filin da ke bakin sanda a matsayin kusa da jiki. Masu ido sai da suka yi ɗan atisaye kafin hakan ya same su, kuma bai daɗe ba ya gushe. A wurin makafin ya zauna daram. Sai kuma a 2018, a birnin Liyon, Luke Miller da Alessandro Farnè suka ba mutane sandar katako suka riƙe ba sa ganinta, ana ƙwanƙwasa ta a wurare dabam-dabam. Mutanen suka riƙa faɗin inda aka buga kusan ba kuskure, ba tare da wani dogon horo ba. Dalili shi ne bugu a kusa da hannu da bugu a can nesa ba iri ɗaya suke girgiza itacen ba, kuma a fatar tafin hannu akwai ƙananan jijiyoyi masu jin girgiza da ke rarrabe su nan take. Wato itacen kansa yana yin wani ɓangare na aikin tantancewa kafin labari ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa gwani ba ya yarda da kowace sanda. Wadda ke da gaɓoɓi masu sako-sako tana cinye girgizar a hanya, ta isar da labari a dusashe.

Akwai abu guda da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar duka. Sandar da ke tsaye ba ta faɗin komai. Sai an kaɗa ta, sai an yi taku, sannan duniya ke amsawa. Mai ido yana zaton shi gani kyauta yake zuwa masa, buɗe ido kawai. Ba haka ba ne. A 1963 Richard Held da Alan Hein suka yi rainon 'yan kyanwa a cikin duhu, suna fito da su haske bibbiyu a cikin wata na'ura mai juyawa. Ɗaya tana tafiya da ƙafarta, tafiyar tata kuma ita ke juya ɗayar da ke zaune cikin kwando. Abin da idanunsu suka gani iri ɗaya ne. Amma mai tafiya ta koyi gane zurfi da nisa, ta kwando kuwa ba ta ƙifta ido in abu ya tunkaro ta, ba ta kuma gane gefen rami ba, sai bayan an sake ta ta yi yawo da kanta. Gwajin yana da ban tausayi, amma darasinsa a fili yake.

Paul Bach-y-Rita ya ga irin wannan a mutane a 1969. Ya jera ƙananan maɓallai 400 masu girgiza a bayan kujerar likitan haƙori, ya haɗa su da kyamara, yadda hoton da kyamarar ta ɗauka zai zama zane a fatar bayan makaho. Muddin kyamarar na kafe wuri ɗaya, abin da suke ji cakulkuli ne a baya. Da aka ba su ita suka riƙa juyawa da hannunsu, sai suka fara jin abubuwa a gabansu, a sarari, har suka manta da bayan nasu.

Mai karatu da ya san Ibn Sina zai iya tuna misalinsa na mutumin da aka halitta cikakke yana shawagi a iska, ido a rufe, gaɓoɓi a ware ba sa taɓa juna, ba ya jin komai. Ibn Sina ya ce duk da haka wannan mutum zai san cewa yana nan. Ban ga cewa sandar makaho ta rushe wannan ba, don tambayoyin biyu ne. Shi yana magana ne a kan samuwar rai. Mu kuwa muna magana a kan sanin nisa da kusa, tudu da gangare, gaba da baya. Mutumin da ke shawagi ko ya san yana nan, ba zai san mene ne "can" ba, tun da bai taɓa miƙa hannu ya kasa kaiwa ba. Haka kuma ba duk abin da aka jingina wa wannan mazhaba ne ya tsaya da ƙafarsa ba. Akwai sanannen gwaji na 2008 da ya ce riƙe kofi mai ɗumi yana sa mutum ya ga wasu da kirki. Da wasu masana suka sake shi da mutane masu yawa, ba su samu sakamakon ba. Hujjar da ke fitowa daga sanda da manjagara ta fi wannan ƙwari nesa ba kusa ba.

Mu koma kan amsa-kuwwa. Wanda ya kai gwanintar kunne ƙololuwa shi ne Daniel Kish, Ba'amurken da aka cire wa idanu biyu saboda ciwon daji tun yana ɗan wata 13. Yana ƙyasta harshe a dasashi, ya saurari abin da ya dawo, ya bambance mota da bishiya da katanga, har keke yake hawa. A 2011 Lore Thaler da abokan aikinta a Kanada suka naɗi irin wannan ƙyastawa da amsa-kuwwarta, suka kunna wa gwanaye biyu a cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Sashen da masu ido ke gani da shi ne ya kama aiki. Ƙwaƙwalwa ba ta bar wannan sashe ya zauna a banza ba. Ta ba shi aikin da jiki ke yi a zahiri. Daga baya Thaler ta nuna cewa makafi da masu ido, matasa da tsofaffi, suna iya koyon tushen wannan dabara cikin makonni 10. Duk da haka Kish bai ajiye sandarsa ba, saboda amsa-kuwwa ba ta iya faɗa maka ramin da ke gaban ƙafarka yadda sanda ke yi.

A ƙasar Hausa ba mu taɓa shakkar kaifin ƙwaƙwalwar makaho ba. Mun san alarammomi makafi, mun san Aliyu Namangi na Zariya, mun san garuruwa da ke da Sarkin Makafi da unguwarsu. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953. Abin da ba mu cika girmamawa ba shi ne ilimin da ke tafin hannunsa da tafin ƙafarsa. Makahon da ya san unguwarsa yana riƙe da taswirar da babu takardar da ta ɗauke ta: inda ƙasa ke ɗan gangarawa kafin masallaci, inda injin markaɗe ke kuka, inda ƙamshin ƙosai ke tarbarsa da safe, ɓangaren fuskar da rana ke duka in ya nufi kasuwa da hantsi. Janareton da aka tayar a bakin shago yana iya shafe masa rabin titi. Kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai taimakon da zai zo ba sallama ya cafke bakin sanda ya ja. Niyyarsa alheri ce, amma ya rufe wa mutumin hanyar da yake sanin ƙasa da ita, a daidai lokacin da ya sa shi sauri. Abin da ya dace shi ne ka yi sallama, ka tambaya ko yana bukata. In ya ce e, ka ba shi damtsenka ya riƙe sama da gwiwar hannu, ka wuce shi da rabin taku. Daga motsin jikinka zai karanta hawa da sauka da kwana, ba sai ka yi ta bayani ba.

Yadda ake koyar da wannan sana'a shi ma yana bin gaskiyar da ke cikinta. Michael Polanyi, wanda ya bar ilimin sinadarai ya koma falsafa, ya yi shekaru yana nuna cewa mafi yawan abin da gwani ya sani ba ya iya faɗarsa da baki, kuma shi ma ya kawo misalin sanda. Malamin tafiya zai iya gaya maka inda za ka sa yatsa, amma ba zai iya gaya maka yadda murfin kwalbati ke amsawa ba. Don haka a makarantun da ke horar da irin waɗannan malamai, su kansu ana ɗaure musu ido su yi sa'o'i masu yawa a titi kafin a ba su ɗalibi. Darasi yana farawa a cikin ɗaki, ya fita baranda, ya shiga unguwa mai shiru, sannan ya kai mahaɗar titi, inda ɗalibi zai koyi jera jikinsa da ƙarar motocin da ke tafiya gefensa don ya tsallaka a miƙe. A kowane mataki malami yana ƙara ja da baya, yana barin ɗalibi ya ɓace ya nemo kansa, ba ya sa baki sai in akwai haɗari. A darasin ƙarshe akan sa ɗalibi a mota, a yi ta zagaye da shi har lissafin kwana ya kuɓuce masa, a sauke shi a wani wuri cikin yankin da ya koya ba tare da an faɗa masa ko ina ne ba. Sai ya tsaya ya ji ta ina rana take, ta ina babban titi ke ruri, wace irin ƙasa ce a ƙarƙashin sandarsa, ya gano inda yake, ya kai kansa wurin da aka yi alkawarin haɗuwa.